Ina Z: ya shiga? Sharhi kan haɗa faifan sabar da asusun admin

Akwai ƙorafin da duk mai kula da kwamfutocin ofis masu Windows ya saba ji, in ma ba shi ne mai yin sa ba. An rubuta ɗan sikirif, wato jerin umarnin da ake tarawa a fayil guda don kwamfuta ta riƙa aiwatarwa da kanta. Aikinsa ya haɗa wata folda da ke kan sabar da harafin Z:, ya kwashi fayiloli ya zuba a can. An kunna shi da ikon admin, ya amsa cewa an yi nasara, amma da aka buɗe Explorer sai aka nemi Z: sama ko ƙasa aka rasa. Wani kuma akasin haka ya same shi: Z: na nan zaune a Explorer, ana shiga ana fita, amma da zarar sikirif ya tashi da ikon admin sai ya ce bai san wannan hanya ba. Mafi ban haushi shi ne na dare. Da rana an gwada da hannu komai lafiya lau, an bar wa Task Scheduler ya tayar da aikin ƙarfe biyun dare, gari ya waye ko fayil ɗaya ba a kwafa ba.

Abin da yakan biyo baya shi ne neman ƙarin iko. Tunda an hana, to a sa sunan admin da kalmar sirrinsa a cikin umarnin. Idan na kwamfutar bai yi ba, a ɗauko na babban admin ɗin domen, wanda babu inda ake tare shi. Wani lokaci hakan yakan sa aikin ya tafi, shi ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Sai dai a cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafe babu ko ɗaya da ƙarancin iko ya haifar. Tushensu guda ne: harafin Z: ba na kwamfutar ba ne, ba ma na mutumin ba ne, na zaman da aka ƙirƙire shi a ciki ne. Wanda ya gane wannan ya warware rabin matsalar. Ɗaya rabin kuwa, wato inda za a ɓoye kalmar sirrin admin, galibi tambaya ce da bai kamata a kai ga yin ta ba.

Idan mutum ya ce yana son haɗa faifai “a matsayin admin”, abu biyu yake gaurayawa. Akwai ikon da sikirif yake da shi a kan kwamfutar da yake gudana, wanda ake samu idan an zaɓi Run as administrator. Akwai kuma sunan da ake gabatar wa sabar can nesa domin ta duba ko za ta buɗe foldar. Waɗannan ba su da alaƙa da juna kamar yadda ake zato. Haɗa faifai ba ya buƙatar na farkon ko kaɗan. Ƙaramin ma'aikaci da ba ya iya saka manhaja a kwamfutarsa yana iya buga net use ya samu harafinsa. Sabar kuma ba ruwanta da ko tagar da ka buɗe mai ikon admin ce. Suna take dubawa, ta gwada shi da izini iri biyu, na rabon foldar da na NTFS, wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki.

Shi kansa harafin gado ne. Daga CP/M na Gary Kildall aka ɗauko al'adar kiran faifai da harafi, DOS ya gaje ta a 1981, aka bar A da B wa faifan filofi, C ya zama na babban faifai har yau. Da ƙa'idar SMB ta zo, wadda Barry Feigenbaum ya fara tsarawa a IBM a 1983, manhajojin zamanin ba su san komai ba sai haruffa, don haka aka riƙa lulluɓe foldar nesa da harafi don su ɗauka faifan gida ne. Ainihin sunan wurin kuwa shi ne cikakken adireshinsa, irin \\SABAR1\Ajiya, wanda ake kira UNC. Z: laƙabi ne kawai, irin wanda 'yan majalisa ɗaya suke kiran abokinsu da shi, ka je wata majalisar ka ambace shi, babu wanda zai san wa kake nufi, alhali mutumin yana nan da sunansa na yanka.

Tun daga Windows XP a 2001, duk lokacin da wani asusu ya shiga, Windows yana buɗe masa zama mai lamba ta musamman, ya ware masa jerin haruffansa dabam. Haruffan faifan da ke jikin na'ura, irin C: da D:, suna cikin jerin kowa da kowa, amma na sabar suna cikin jerin zaman da ya haɗa su. Mai son gani da ido ya buɗe WinObj na Sysinternals, ya shiga \Sessions\0\DosDevices. Zai tarar da ƙananan rassa masu dogayen lambobi, kowanne zama guda ne, a cikin ɗaya daga cikinsu ne kawai zai ga Z: ɗinsa. Asusu guda yana iya mallakar rassa biyu ko uku a lokaci guda, kuma ba sa leƙa jerin juna.

Nan ne UAC, tsarin da ke neman izini kafin a yi aiki da ikon admin, ya shigo. Tun Windows Vista, wanda ya isa hannun jama'a a Janairun 2007, idan mai ikon admin ya shiga kwamfuta ba katin shaida ɗaya ake ba shi ba, biyu ne. Ɗaya an zare masa ikon admin, da shi Explorer da sauran manhajoji ke aiki. Ɗayan cikakke ne, yana ajiye sai an nemi izini an amsa. Kowane kati da zamansa. Gwajin ba ya cin minti biyu: a buɗe tagar cmd ta yau da kullum, a buga net use Z: \\SABAR1\Ajiya, a tabbatar dir Z: ya nuna fayiloli. Sai a buɗe wata tagar da ikon admin, a sake buga dir Z:. Amsar ita ce ba a samu hanyar ba. Idan aka buga whoami a tagogin biyu suna ɗaya zai fito, amma net use a ta biyun ba zai nuna haɗin yana aiki ba. Mutum ɗaya ne, allo ɗaya, zama biyu.

Wannan ya bayyana wani abin dariya da yakan faru a ofisoshi masu domen. Sikirif ɗin shiga da aka rarraba ta Group Policy yana gudana da cikakken kati idan mai shigar admin ne, don haka haruffan sukan faɗa zaman da Explorer ba ya gani. Sakamakon haka sauran ma'aikata suna ganin faifansu cif, 'yan sashen kwamfuta da suka rubuta sikirif ɗin su ne nasu ke ɓacewa. Akwai kuma tarko ta ɗaya ɓangaren: asusun Administrator na asali, wanda ke zuwa da Windows, ba a raba masa kati biyu sai an canza saiti. Wanda ya yi gwajinsa da wannan asusu ba zai taɓa ganin matsalar ba, sai ranar da aka kai sikirif ɗin kwamfutar wani.

Maganin da aka fi yaɗawa shi ne EnableLinkedConnections, wata ƙima da ake ƙirƙira a Registry ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System, a ba ta lamba 1, a sake kunna kwamfuta. Daga nan haruffan da aka haɗa a zama ɗaya sukan bayyana a ɗan'uwansa. Yana aiki, ba ƙarya. Amma Microsoft da kanta, a bayaninta na farko kan wannan dabara, ta yi gargaɗin cewa tana iya rage tsaro. Kuma iyakarta ƙanƙanuwa ce: zama biyun da aka haifa tare lokacin shiga kawai take haɗawa. Idan an saita UAC ya riƙa neman kalmar sirri maimakon danna amincewa, sabon zama na uku ake buɗewa, dabarar ba ta kai can. Idan ma'aikaci ya kira ɗan sashen kwamfuta ya sa nasa sunan a tagar izinin, wannan ma wani zaman ne dabam na wani mutum dabam. A ganina wannan saiti na kwamfutar mai haɗa manhaja ne da ke fama da tsohon shirin sakawa, bai dace a shimfiɗa shi a kan kwamfutocin ma'aikata duka saboda sikirif guda ba.

Aikin dare kuwa labarinsa ya fi tsawo. Idan an zaɓi aikin ya gudana ko mutum ya shiga ko bai shiga ba, Task Scheduler yana buɗe sabon zama fil da sunan asusun, ba ya kuma dawo da haruffan da mai asusun ya saba gani a teburinsa. Z: ɗin da aka gwada da rana yana can a zaman rana. A shafin da ake wannan zaɓi kuma akwai wani ɗan akwati da ke cewa kada a ajiye kalmar sirri. Masu taka-tsantsan sukan yi masa alama, suna ganin sun kyauta. Abin da ba su lura ba shi ne aikin da ya tashi ta wannan hanya ba shi da shaidar da zai nuna wa wata na'ura; yana iya taɓa abin da ke cikin kwamfutar, amma a ƙofar sabar za a mayar da shi. Idan kuma an ce aikin ya gudana da asusun SYSTEM, wanda a cikin kwamfuta babu na sama da shi, to a waje sunan kwamfutar yake ɗauka, wanda ke ƙarewa da alamar dala, irin DOMEN\PC07$. Sabar ba ta san wannan suna ba sai an ba shi izini. Harafin da SYSTEM ya haɗa kuma yana faɗawa jerin kowa da kowa, ya bayyana wa duk masu shiga kamar faifan da ya yanke, ba mai iya cire shi sai SYSTEM ɗin. Wasu suna yin haka da gangan ta hanyar PsExec, amma wanda ke buƙatar haɗin da kowa a na'urar zai gani yana da umarnin da aka yi domin haka tun 2017, New-SmbGlobalMapping, wanda ya kamata a riƙa tunawa cewa duk wanda ke kan na'urar zai shiga foldar da sunan da aka bayar.

Haka ma wanda ya aika umarni zuwa wata kwamfuta da Invoke-Command, daga can ya nemi sabar ta uku. Shaidarsa ta kai shi zango na farko, ba a yarda ta wuce zuwa na biyu ba, sai kuskure mai lamba 5 ya fito ko da kuwa shi ne babban admin.

To, a ce da gaske sunan da za a nuna wa sabar ne ake son canzawa. Umarnin sananne ne: net use Z: \\SABAR1\Ajiya /user:DOMEN\suna sannan kalmar sirri. Abin da ke tare mutane a nan shi ne kuskure mai lamba 1219. Dokar ita ce zama guda ba ya magana da sabar guda da sunaye biyu. Ma'aikaciya ta riga ta haɗa H: zuwa wannan sabar da sunanta tun safe, ko ma leƙa wata folda kawai ta yi a Explorer, haɗin yana nan a ɓoye. Sikirif ya zo da sunan admin, Windows ya ƙi. Masu gaggawa sukan sa net use * /delete /y a farkon sikirif, wanda ke tsinke duk haɗin da ke zaman, har da na takardar Excel da baiwar Allah ta buɗe ba ta adana ba. Wasu kuma sukan kira sabar da lambar IP maimakon suna, domin da suna Windows ke yin lissafin, sai ya ɗauka wata sabar ce. Dabarar tana ci, amma tana da farashi: da lambar IP ba a saba amfani da Kerberos ba, ana komawa NTLM ne, tsohuwar hanyar tantancewa da Microsoft ta ayyana a Yunin 2024 cewa ta daina raya ta. Sikirif ɗin da ya dogara da wannan yana jiran ranar da za a rufe NTLM a ofishin ne kawai.

Akwai ƙananan duwatsun tuntuɓe da dama a wannan hanya. Idan an sa /persistent:yes, Windows yana rubuta harafin da adireshin da sunan a HKCU\Network na asusun da ya gudanar da umarnin, amma ban da kalmar sirri. Washegari sai a ga harafin da jan gicciye, yana neman a sake shigar da ita. A PowerShell kuma New-PSDrive yana ruɗa mutane ta fuska biyu. In babu -Persist, wanda ya zo da PowerShell 3.0 a 2012, faifan da aka ƙirƙira PowerShell kaɗai ya san shi, robocopy ma ba ya ganinsa. In kuma akwai -Persist amma babu -Scope Global, da sikirif ya ƙare harafin yakan tafi da shi. Sai kuma kalmar sirri mai alamomi: alamar % a fayil ɗin bat, ko $ a tsakanin alamun zance biyu-biyu a PowerShell, ana cinye su kafin su isa sabar, mutum ya yi ta rantsuwa cewa kalmar daidai take, kuskure mai lamba 86 ko 1326 yana ƙaryata shi.

Duk waɗannan ana gyara su cikin yini guda. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne kalmar sirrin da aka rubuta a fili cikin fayil. Ba mai buɗe fayil ɗin kaɗai ke ganinta ba. Duk abin da aka sa a layin umarni yana bayyana a jerin ayyukan da ke gudana, kuma a ofishin da ya kunna rubuta layin umarni a rahoton tsaro mai lamba 4688, kalmar za ta shiga rahoton, a tura ta duk inda ake tara rahotanni. Ana kwafar fayil ɗin zuwa ma'ajiya, ana aika shi ta imel ga abokin aiki, yana shiga Git ya zauna a tarihi ko bayan an goge layin. Ba banza ba umarnin runas ya ƙi karɓar kalmar sirri a layin umarni. Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniyan Microsoft, ya bayyana tun 2004 cewa da gangan aka yi haka, don an san mutane za su riƙa zuba kalmomin sirri a fayilolin bat. Shi net use ya girmi wannan tunani, shi ya sa har yanzu yake karɓa.

Microsoft ma ta taɓa faɗawa ramin. A Windows Server 2008 ta kawo Group Policy Preferences, inda admin zai iya haɗa wa ma'aikata faifai da wani suna dabam, ya rubuta kalmar sirri a akwati. Kalmar tana zuwa ta zauna a fayil ɗin Drives.xml cikin SYSVOL, foldar da duk mai asusu a domen yake iya karantawa. An kulle ta da AES, amma mabuɗin guda ne a duk duniya, kuma an buga shi a takardun bayanin Microsoft da kowa ke iya gani. A Mayun 2014 sabuntawar MS14-025 ta toshe akwatin. Ba ta goge tsoffin fayilolin ba, shi ya sa har yau masu gwajin kutse sukan fara da neman kalmar cpassword a SYSVOL, kuma sukan samu.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na kamfanin Uber a Satumban 2022. Maharin ya fara shiga ne da asusun wani ɗan kwangila, bayan ya dame shi da saƙonnin neman amincewa har ya danna. Wannan asusu ba wani babban iko gare shi ba. Amma kamar yadda maharin da kansa ya shaida wa masu binciken tsaro, da ya zagaya cikin foldojin da aka raba sai ya tarar da sikirif na PowerShell ɗauke da suna da kalmar sirrin admin na Thycotic, manhajar da kamfanin ke ajiye sauran mabuɗansa a ciki. Wanda ya rubuta sikirif ɗin ba mugunta ya yi ba. Aiki yake so ya tafi da kansa, kamar kowa.

Idan dole sai an ajiye kalma, akwai hanyoyin da suka fi fili. Export-Clixml yana kulle ta da DPAPI, ta yadda asusun da ya kulle ne kaɗai zai buɗe, kuma a kan kwamfutar da aka kulle. A nan ma zancen na wane ne ya sake dawowa: admin yakan ƙirƙiri fayil ɗin da asusunsa yana zaune a tebur, aikin dare kuma ya tashi da wani asusun, ya kasa buɗewa. Haka cmdkey, wanda ke ajiya a Credential Manager, ma'ajiyar kowane asusu dabam take. Waɗannan suna kare kalma daga mai satar fayil, ba sa kare ta daga wanda ya riga ya zama admin a wannan kwamfuta. Wanda kuwa ya kulle kalma da mabuɗin kansa, ya ajiye mabuɗin a folda ɗaya da ita, wahala kawai ya ƙara wa kansa.

A ofishi mai domen, hanyar da na fi yarda da ita ita ce wadda babu kalmar da ɗan Adam ya sani. Tun Windows Server 2012 akwai asusun aiki da ake kira gMSA. Active Directory ne ke ƙirƙirar kalmar sirrinsa mai tsawon bayit 240, yana canza ta duk kwana 30 idan ba a sauya saitin ba, yana miƙa ta ga kwamfutocin da aka lissafa kawai. A yi wa aikin dare rajista da wannan asusu, a ba shi haƙƙin shiga na ayyukan da aka tsara, a ba shi izinin rubutu a folda guda. Sikirif ɗin ba zai ƙunshi suna ko kalma ba. Abin da ya fi wannan sauƙi kuma shi ne a bar aikin a hannun SYSTEM, a je sabar a ba asusun kwamfutar izini a kan foldar. Minti biyar ne, kuma mutane da yawa ba su san ana yi ba.

Sai dai tambayar da ake yawan tsallakewa ita ce, me ya kawo admin cikin maganar tun farko? Sau da yawa amsar ita ce C$. Windows yana raba kowane faifai a ɓoye ga masu ikon admin, C$ da ADMIN$ da sauransu, kuma ya fi sauƙi a rubuta \\SABAR1\C$ a kan a zauna a ƙirƙiri rabo a tsara izini. Ragwanci ne mai tsada. A inda babu domen ma UAC yakan hana admin na gida shiga C$ daga nesa, sai a je a kunna LocalAccountTokenFilterPolicy, wanda ke buɗe hanya ga duk wanda ya saci shaidar wannan asusu, musamman a ofishin da kwamfutoci duka kalmar admin ɗinsu ɗaya ce. Wannan ce cutar da LAPS, wanda Microsoft ta fitar a 2015, ya zo magancewa.

A duba kuma abin da ke faruwa idan an haɗa wa ma'aikaci Z: da sunan admin a cikin zamansa. Duk abin da ke gudana a wannan zama ya gaji ikon: shi kansa, burauzarsa, da takardar da ya buɗe daga imel ɗin da bai san mai aikowa ba. Manhajar garkuwa da fayiloli tana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya tana kullewa, ba ta buƙatar satar komai tunda an riga an buɗe mata. Fayil ɗin da aka goge a foldar sabar ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi kai tsaye. Idan aka zo bincike kuma, rahoton sabar sunan admin zai nuna, ko wane ne ya yi ɓarnar cikin mutum arba'in.

Babban darasin wannan ya zo ranar 27 ga Yunin 2017, lokacin da NotPetya ya ɓarke daga Yukren ta cikin sabuntawar manhajar haraji ta M.E.Doc. An fi tuna shi da ramin EternalBlue, amma kwamfutocin da aka riga aka toshe wa wannan rami ma sun faɗi, domin yana kwasar shaidar shiga daga ƙwaƙwalwar na'urar da ya kama, ya bi ta ADMIN$ zuwa maƙwabta. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin jiragen ruwa na Maersk a wancan lokaci, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Davos a Janairun 2018 cewa sai da suka sake ɗora manhaja a sabar 4,000 da kwamfuta 45,000. Aikin dare da ke gudana da asusun babban admin a kan kwamfutar akawu yana nufin shaidar da ke buɗe domen gaba ɗaya tana ajiye a wannan kwamfuta, kuma wanda ya mallaki kwamfutar yana iya zaro ta.

Abin da ya rage bayan an cire admin shi ne a cire harafin ma. Sikirif ba ya buƙatar laƙabi. Da robocopy da Copy-Item da kusan duk kayan aikin zamani suna karɓar \\SABAR1\Ajiya kai tsaye, kuma wannan adireshi ma'anarsa ɗaya a kowane zama. Idan ana buƙatar wani suna dabam, ana iya buga net use \\SABAR1\Ajiya /user:suna ba tare da harafi ba. Haɗin zai tsaya, sauran umarnin su bi ta kansa. Ga ma'aikata masu son ganin harafi a Explorer, Group Policy yana haɗa musu da sunayensu, a sa su a rukuni, a ba rukunin izini.

Akwai inda harafi ya zama dole, ban musa ba. Wasu tsoffin manhajojin lissafin kuɗi an gina su ne a kan cewa bayanansu suna wani harafi, kuma cmd ba ya yarda ya tsaya a cikin adireshin UNC. A irin wannan hali sikirif ɗin da kansa zai haɗa harafin a farkonsa, cikin zamansa, da /persistent:no, ya yi aikinsa, ya cire wannan harafin kaɗai a ƙarshe ko da aikin ya gaza. Umarnin pushd ma yana yin haka a sauƙaƙe: a ba shi adireshi, ya ari harafin da babu kowa a kai yana farawa daga Z, popd ya mayar. Wannan ya kawar da kuskure mai lamba 85, na harafin da wani ya riga ya kama.

Ƙaramin ofis ko makaranta da ba su da domen, sai ɗan akwatin ajiya na NAS a kusurwa, ba su da gMSA. Nasu shi ne a buɗe asusu guda a akwatin domin wannan aiki kaɗai, ba admin ba, mai izini a folda ɗaya, a ajiye kalmarsa da cmdkey a ƙarƙashin asusun da zai gudanar da aikin. Foldar kwafin ajiya kada a bar ta a haɗe da rana. Su kuma sani cewa Windows 11 na 24H2, ban da bugun Home, yana tilasta sa hannu a saƙonnin SMB, a bugun Pro kuma ya daina shiga a matsayin baƙo, don haka tsohon akwatin da ake shiga babu kalmar sirri zai iya daina buɗuwa bayan sabuntawa.

Wajen gwaji, kada a gwada daga tebur. A tayar da aikin daga cikin Task Scheduler, da asusun da zai yi shi da dare, a sa layuka biyu a farkon sikirif da za su zuba amsar whoami da ta net use a fayil ɗin rahoto. A kuma duba lambar da kowane umarni ya dawo da ita kafin a wuce gaba, domin idan haɗin ya gaza aka ci gaba, umarnin gogewa da aka nufa da sabar yana iya sauka a foldar da sikirif yake tsaye. Ga robocopy a kula: lambar da ta gaza 8 ba gazawa ba ce, 1 ma na nufin an kwafi fayiloli lafiya, daga 8 zuwa sama ne ake tayar da mutum daga barci.